Hagu Na Ce Miki

A layinsu kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake aikinsa na ainihi jera fayil ne a wani ofishi. Da tsokana aka fara sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Shekara goma sha ɗaya motarsa ba ta taka gareji ba. Shi ke yi mata juyen baƙin mai, shi ke canza filogi, shi ke duba birki, kuma a faɗi gaskiya hannunsa na da kyau. Bakinsa ne ba shi da daɗi. In yana riƙe da sifana ba a ba shi shawara, ba a tambayarsa dalili, abin da ya ce shi za a yi.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗakin da tagarsa ke kallon inda yake ajiye motar. Ta daɗe da koyon zama da shi: in ya kira ta amsa, in ya aike ta ta je, in ya yi kuskure ta kau da kai. A wajensa wannan shi ne zaman lafiya, bai taɓa tambayar kansa ko ita me take kiransa ba.

Ranar Talata ya ɗauki hutu don gyaran salansa, bututun hayaƙin motar, wadda ta kwana biyu tana ƙara kamar an ɗaura wa motar gwangwani. 'Yan biyunsu suna makaranta, maƙwabta duk sun tafi aiki, layin tsit. Motar gajeriya ce, shi kuma Allah ya hore masa tumbi, ba ya shiga ƙarƙashinta sai an ɗaga. Ya kafa jak ɗinsa mai aiki da mai, ya ɗaga gaban. Ƙarafan da ya saba tokarewa da su suna sito bayan tarkace. Ya dubi ƙofar siton, ya ce aikin minti goma ne, ya shimfiɗa kwali ya shige rigingine.

Noti na biyu yake kwancewa ya ji hasken wurin ya ragu. Ya zaci girgije ne. Sai da ƙarfen cikin motar ya taɓa aljihun rigarsa ya gane jak ɗin ne ke sauka a hankali. Ya yunƙura zai zame, bel ɗinsa ya maƙale. Kafin ya kwance shi ƙarfen ya zauna masa a ƙirji.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Numfashi yana shiga, amma rabi-rabi, kuma duk wanda ya fitar ba ya dawowa cikakke.

"Maman 'yan biyu!"

Keken ɗinki ya ci gaba da tafiya. Ya laluba ya ɗauki sifana ya yi ta buga salansa har keken ya tsaya.

Ta fito da tef rataye a wuya. Da ta ga ƙafafunsa suna shure-shure sai ta saki salati, ta nufi ƙofar gida da gudu.

"Dawo," ya ce. "Ba kowa... a layin. Ke za ki ɗaga."

"Ni? Baban 'yan biyu, ban taɓa taɓa abin nan ba!"

Gaskiyarta, kuma ya san wa ya hana ta. Ta durƙusa gaban jak ɗin, ta kama sandar ta danna sau uku. Motar ta motsa kaɗan, ta koma. Ya gane inda matsalar take: ƙaramin notin da ke riƙe man bai ɗauru sosai ba, shi ya sa abin yake sulalewa.

"Akwai noti... a gindi. Zare sandar, ki zura bakinta a kai. Kin gani?"

"Na gani."

Daga inda yake kwance, kai a karkace, ta bayan jak ɗin yake hangen hannunta, komai a juye. Bai lissafa da wannan ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, balle an haɗa shi da ruɗewa.

"Juya hagu."

Hannunta ya tsaya. "Hagu? Ai hagu kwancewa ne. Ko a kekena..."

"Keke na tambaye ki? Hagu na ce miki!"

Da ɗan numfashin da ya rage masa ya yi wannan tsawar, kuma ta fito da irin muryar da ya saba. Ya ga yatsunta sun ƙanƙame sandar. Ta juya hagu.

Jak ɗin ya yi huci, motar ta faɗo gaba ɗaya a kan tayoyinta, ta lotsa, ta ɗago kaɗan. Ya ji wani abu ya ɓalle a haƙarƙarinsa kamar an karya busasshen kara. Ya buɗe baki, ihu bai fito ba. Yana jin ta tana kiransa, tana cewa ya yi magana, ya faɗa mata abin da za ta yi, amma a karon farko tun aurensu ba shi da umarnin da zai bayar. Idonsa ya fara ganin baƙi-baƙi. Ya tuna 'yan biyu za su taso ƙarfe biyu, kuma ta nan ƙofar za su shigo.

Sai ta daina kira. Ya ji ƙarfe ya gogi ƙarfe, ta mayar da notin dama, ta ɗaure shi tam har ta yi nishi. Ta zura sandar ta fara dannawa. Da farko da hannu ɗaya, daga baya ta hau kai da dukkan nauyinta. Ya ƙirga bakwai, ya rasa lissafi. Ƙarfen ya saki rigarsa, iska ta shiga masa da zafi kamar an zuba barkono.

Ba ta yarda da jak ɗin ba. Ta ruga ta jawo bulo biyu daga gindin katanga ta cusa a ƙarƙashi, sannan ta kama idon sawunsa ta ja shi da kwalin gaba ɗaya har cikin hasken rana. Ta ɗauko waya ta kira ƙanenta mai tasi, ta yi masa bayani a jimla biyu, ta ce ya bar duk abin da yake yi.

Daga nan ta zauna daɓas a ƙasa, nesa da shi kaɗan. Tafin hannunta ya saɓule yana jini, ba ta ko dubi hannun ba.

Ya daɗe yana tara kalmomin, don kowace sai ta soke shi a gefe kafin ta fito. Kunya ta fi ciwon nauyi.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Ni na ce... hagu."

Ya ɗauka kyauta ya yi mata. Ya jira ta ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, kamar yadda ta saba.

"Na san kai ka ce," ta amsa, ba tare da ta kalle shi ba. "Ba shi ke damuna ba. Kullum sai na ɗaure noti a keken can, na san inda ake juyawa kamar yadda na san sunana. Ina riƙe da sandar nan na san in na juya hagu motar za ta faɗo maka. Na sani sarai, Baban 'yan biyu. Ka yi mini tsawa, na juya."

Sai a lokacin ta dube shi, idonta jawur, babu hawaye.

"Shekara goma sha tara kana koya mini, ga shi na iya."

A bakin layi tasi ta yi oda, ta tashi ta je buɗe ƙofa, shi kuma yana kwance a kan kwali yana jan numfashi kaɗan-kaɗan.