Makarantar da Ta Zo ta Bakwai

A taƙaice: a zango na uku an yi wa ƙananan makarantun sakandare bakwai na gundumar jarrabawa iri ɗaya. Ta bayan kasuwar Mile One ta zo ta bakwai. Ba a samu asarar rai ba.

Alhaji Mijinyawa, dillalin albasa, ya ji labarin a rumfarsa, ya yanke hukunci nan take: 'yarsa Ramlatu za ta bar ta bayan kasuwar ta koma makarantar hanyar Aba, wadda ta zo ta ɗaya, tafiyar bas ɗaya da keke napep biyu. Ramlatu ba ta so, domin ƙawayenta da malamar lissafinta duk a nan suke. Sai dai Alhaji ba ya sayen buhu sai ya zura hannu har ƙasa, saboda haka ya ja maƙwabcinsa Falalu mahauci, mai ɗan Turanci, suka yi kwana uku suna zagaya makarantu.

A ta bayan kasuwa suka ƙare. Shugabar makarantar ta shimfiɗa musu jerin sunaye, Alhaji ya bi da yatsa. Yara arba'in da ɗaya, kowanne da sifili: Hafizu, Munira, Imrana, har da Ramlatu.

"Waɗannan ba faɗuwa suka yi ba, Alhaji," in ji shugabar. "Ba su zo ba. Makon Babbar Sallah ne. Cikin hamsin da tara da suka zauna, hamsin da biyar sun ci."

Alhaji ya gyara hularsa. Shi ne, kamar kowace shekara, ya ɗauko shatar doguwar motar da ta kwashe iyalan unguwa zuwa Kano, kwana shida kafin Sallah.

"Ashe kai ka kayar da makarantar mutane, Alhaji," in ji Falalu. "Har da addu'ar tafiya ka ja mana."

"Yaranka uku ma suna ciki," in ji Alhaji.

"Nawa a kujerar baya suke. Taka ce kusa da direba."

Ramlatu ta ci gaba da zama a ajinta. Aka kuma amince cewa baɗi mota ba za ta tashi ba sai an tambayi shugabar makarantar yaushe ne ranar jarrabawa.

Abin da binciken ya ci: kwana uku rumfa a rufe, takalmin Falalu ƙafa ɗaya, rabin buhun albasa da ya ruɓe, da kwando guda na albasa mai kyau da aka aika wa shugabar.