Ƙyallen da Ya Ƙi Ruɓewa

Tun ranar da likita ya ce ciwon huhun Malachy ya yi nisa, matarsa Nuala ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta ɗora shayi ta manta da shi, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa taga, sai ka ji ƙarar ƙofa. Ta sake nufar rijiyar Waliyyiya Brigid da ke bayan gari.

Kowa ya san yadda ake yi. Ka yago ƙyalle daga rigar majinyaci, ka tsoma a ruwan rijiyar, ka ɗaure a bishiyar ƙayar da ke bakinta. Yadda ƙyallen ke ruɓewa, haka ciwon ke tafiya. Kuma ba a kwancewa, don wanda ya kwance ya kwaso ciwon ya kai gida.

To, Nuala sarkin iyayi, daga shuɗiyar rigarsa ta zuwa coci ta yago nata, wai ba za ta kai wa waliyyiya tsumma ba. Ruwa ya zuba, sanyi ya kankama, ƙyallayen mutane suka koɗe suka zube. Nata kuwa yana nan fes, kamar jiya aka sayo. Abin ya hana ta sukuni. Kullum tana can tana zagaya rijiya da addu'a, tana murza ƙyallen ko zare ɗaya zai saki.

Ran nan maƙwabciyarta Dympna, wadda bakinta ba ya da linzami, ta shafa ƙyallen ta kwashe da dariya. "Ke Nuala, yadin roba ne fa! Wannan ai jikokinki ma za su tarar da shi."

Nuala ta shigo gida jiƙe sharkaf, tana kuka. Malachy na kan kujerarsa kusa da murhu, shayin da ya yi ƙoƙarin haɗa wa kansa ya malale a ƙasa.

"Na cuce ka, tsoho! Rigar taka ba ta ruɓewa."

"Mai shagon da ya sayar mini ya rantse sai rigar nan ta ga bayana," in ji shi. "Ashe mai gaskiya ne." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Haushi ya kama ta. Ta zari almakashi, za ta yanko na auduga ta koma yanzu-yanzu. Ya riƙo bakin rigarta da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Zauna, tsohuwa. Brigid ɗin nan, me aka faɗa mana muna yara? Madara da man shanu take raba wa mabuƙata, tana jinyar marasa lafiya. Ban taɓa jin ta tare a gindin bishiya ba. Allahn da kike nema a can kuma, yana nan kicin ɗin, tare muke wuni. Ke ce kawai ba kya nan."

Kunya ta rufe ta. Ta zauna, ƙafafunta na son tashi, amma ta zauna. Ba ta ƙara barin gefensa ba har bishiyoyi suka fara toho, Malachy ya cika. Da shuɗiyar rigar aka binne shi, da yagaggen bakinta.

Bayan jana'iza ƙafa ta kai ta rijiya, Dympna na biye da ita. Ƙyallen na nan, iska na kaɗa shi.

"In yanke miki shi?" in ji Dympna a hankali. "Ai yanzu ba ciwon da za a kwaso."

"Taɓa shi ki gani!" in ji Nuala, ta ƙara matse ƙullin. "Sauran rigar tana jikinsa. Wannan nawa ne."