Bugun Zuciyar Auta

Auta na tsakiyar ɗinkin wuyan riga abin ya sake taso mata. Ƙafarta ta tsaya a kan feda, keken ɗinki ya yi shiru. Zuciyarta ta kwasa da gudu, ta tsaya cak, ta sake zabura kamar kazar da aka riƙe wa fiffike. Zufa ta karyo mata.

Shekara uku ke nan tana fama. Maigidanta ya ce son jiki ne. Surukarta ta ce iskokai ne. Mai kemis na bakin layi ya ce olsa ce, ya ƙirgo mata ƙwayoyi a leda. Har ita kanta ta fara zargin kanta da raki.

Yayarta, wadda ta zo karɓar ɗinki, ta dafa mata ƙirji, ta zaro ido.

"Ke Auta, wannan zuciya ce ko ganga? Ɗauko mayafinki."

"Yaya, ban tambayi maigida ba."

"Ni zan kira shi. In ya isa, ya hana ni."

* * *

A asibiti, likitar, dattijuwa mai tabarau, ta manna mata wayoyi a ƙirji, ta ɗauki hoton zuciyar, ta daɗe tana dubawa.

"Kina yarinya kin sha ciwon maƙogwaro? Da zazzaɓi, gaɓoɓi su kumbura?"

Yaya ce ta amsa. "Sosai. Ƙwaya biyu ake sayo mata, zafi ya sauka a manta."

"To, shi ne ya lalata ƙofar zuciyarki a hankali, har bugun ya rikice. Da an ƙara jinkiri, jini zai iya daskarewa ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Kun zo a kan lokaci. Akwai maganin daidaita bugun, da na hana jini daskarewa, da allura duk wata."

Auta ta dube ta. "Likita, wato ba raki ba ne?"

"Raki? Da wannan zuciyar kika haifi uku, kina taka keke?"

Dariya ta ƙwace wa Auta, hawaye na bin kumatunta. Ta ji jikinta sakayau, kamar an sauke mata buhu daga ka.

* * *

A layin karɓar magani maigida ya same su, yana haki. Ya karanta takardar likita sau biyu, ya kasa kallon idon Auta.

"Sannu," ya ce. Ya karɓi jakarta ya rataya a kafaɗa.

Gabansu wata mata ce sa'ar Auta a keken marasa lafiya, kati irin nata a cinya, hannun dama ya shanye, a naɗe kamar busasshen ganye. Ɗankwalinta ya zame, tana ta ƙoƙarin mayar da shi da hannu ɗaya.

Auta ta sunkuya ta ɗaura mata.