Shekarar da Batir Ya Dawo

Ni dai taron kamfanin wayar nan bai taɓa ɗaɗa ni da ƙasa ba. Sau ɗaya a shekara wasu mutane za su hau dandamali a wata ƙasa mai nisa, su ɗaga waya sama kamar an yi haihuwa, jama'a su yi ta tafi. Waya ce dai irin ta bara, an ƙara mata ido ɗaya a baya. Amma a gidanmu, idan ranar ta zo, ko tukunya ba na ajiyewa da ƙarfi.

Maigidana, wanda 'yan layinmu ke kira Injiniya, ni kuwa nake ce masa Malam, jan kebul ɗin sadarwa ya yi ta yi har ya ajiye aiki. Tun 'yarmu Auta tana firamare yake zaunar da ita kusa da shi su kalli taron kai tsaye. Zai jawo kujeru biyu gaban talabijin, ya cika filas da shayi, ya jona talabijin ɗin da akwatin intanet ta wani kebul shuɗi da ya ja da hannunsa ta bayan kabad. Ni kuwa a ce kada in taɓa komai mai jan intanet sai an tashi.

Abu ɗaya yake jira duk shekara. Yana so kamfanin ya dawo da batirin da mutum zai ɓalle da farce ya sa wani, kamar na wayoyin da.

"Bana ne," zai ce, yana buga gwiwa.

"Baba, ka haƙura. An wuce wannan zamanin."

Wanda hasashensa ya faɗi shi ke wanke kofuna. Shekara da shekaru Malam ne a bakin famfo, yana wanki yana murmushi, ita tana tsaye a bayansa tana tsokanarsa. Mutumin da ko cokali ba ya ɗauraye mini.

To bana Auta ta yi aure. Surukinmu yaro ne mai ladabi, yana sayar da wayoyi a wani babban shago, yana kuma yin bidiyo a kansu. Shi ne ma ya buɗe wa Malam shafi a manhajar da yake sa bidiyon tun lokacin da yake zuwa gaisuwa. Na juya yaron nan ta ko'ina ban ga aibunsa ba. Malam ma bai samu ba, shi ya sa ya koma kan gemun yaron. Ban taɓa jin ya ambace shi da wani suna ba sai "mai gemun nan".

Ana saura 'yan kwanaki taron, Auta ta kira shi. Ina kusa, ina jin muryarta.

"Baba, bana ni da shi za mu yi sharhi kai tsaye daga gidanmu. Muna kallo muna fassara wa mutane. Ka kalle mu fa."

"Ku biyu?"

"Mu biyu. Mun sayi fitilu har da makirufo."

Ya jira ta ce ga kujerarka. Ba ta ce ba, don ba ta san ana jira ba.

"To, zan duba," ya ce. "Ina da abubuwan yi ranar."

Wane abin yi? Mutumin da babban aikinsa yanzu shi ne leƙa mitar wuta. Na ce masa, "Malam, kishi kake yi." Ya ce in daina maganar yara. Amma kishi ne, tsagwaronsa. Na zauna da mutumin nan tun gashinsa yana baƙi, na san yadda yake tauna abinci idan abu na cinsa.

Ranar taron, da yamma, ya jawo kujeru biyu kamar kullum. Sai da ya ajiye ta biyun ya tuna, ya kuma ji kunyar mayar da ita, sai ya ɗora mata filas. Taron kamfanin a talabijin, shirin su Auta a wayarsa da ya jingina da kofi. Ni na ɗauko kayan guga na zauna a gefe, don na san akwai kallo, kuma ba na talabijin ba.

Ga Auta a cikin waya, ta yi kyau abinta, ga mijinta a gefe da kwamfuta a gabansa. A ƙarƙashinsu rubutun masu kallo na ta gudu. Wannan na son waya mai naɗewa, wancan na rantsuwa za a ƙara girman kyamara, wani ya ce in ba a sauya launi ba ya bar kamfanin har abada. Kowa da buƙatarsa, kamar su suka haifi masu kamfanin.

"Dubi inda ya zauna," in ji Malam. "Ta dama. Ita ba ta son mutum ta damanta, tana kai hannu ɗaukar kofi."

"Ga shi kuwa ba ta koka ba."

Ya yi tsaki.

Ba a jima da farawa ba ya gano wani abu. Wata mata a dandamali ta nuna sabon agogon hannu, mu mun gani, an yi tafi, an wuce. Su Auta kuwa suna nan suna cewa ko me za a fara nunawa. Sai can suka ce ga agogo. Hoton taron yana riga isowa gidanmu kafin ya isa nasu, tazarar kamar mutum ya sha rabin kofin shayi. Shirin nasu kuma kafin ya iso wayar Malam ya ƙara wani jinkirin. Rubutu ne kawai ke isa gare su nan take.

Malam ya dubi kebul ɗinsa shuɗi kamar ya rungume shi.

"Iska suke kamawa," ya ce. "Mai sayar da waya guda, bai san a ja kebul ba."

Na ga ya ɗauki wayar yana latse-latse, tabarau a kan hanci. Na leƙa. Ya cire hotonsa daga shafin, ya goge sunansa, ya rubuta Mai Gani Daga Nesa.

"Malam, me kake shirin yi?"

"Taimaka musu zan yi."

Surukinmu na cikin cewa a ganinsa ba za a taɓa belun kunne ba bana, Malam ya rubuta cewa sabon belun kunne na nan tafe, fari da toka-toka. Yaron bai rufe baki ba sai ga shi a allonsu, fari da toka-toka. Masu kallo suka rikice. Wane ne wannan? A kamfanin yake aiki? Malam ya gyara zama. Duk abin da yaron ya buɗe baki zai hasasa, Malam ya riga shi. Ya faɗi launin waya, ya faɗi yawan kyamara, har rigar mutumin da zai hau dandamali na gaba ya faɗa. Jama'a suka bar masu shiri suka koma tambayar Mai Gani Daga Nesa. Auta ta shirya mamakinta tsaf, amma kafin abu ya iso an riga an faɗa mata, sai mamakin ya fito a sanyaye.

"Kana ɓata wa 'yarka shiri," na ce.

"Ba da ita nake ba."

"Kujera ɗaya suke zaune a kai."

"Biyu ne," ya ce, bai ko kalle ni ba.

A allon na ga surukinmu ya sunkuya kan kwamfutarsa, ya ɗan daɗe yana duban wani abu, sannan ya ɗago ya yi dariya. Ya ce, "Mai Gani Daga Nesa, mun gaishe ka. Layinka ya fi namu, mun sallama." Da Malam mai neman zaman lafiya ne, da a nan ya tsaya. Amma dariyar ce ta ƙona shi, musamman da Auta ta taya, ta dafa kafaɗar mijinta tana yi. Irin dariyar da take yi a bakin famfo.

Ya rubuta, ina kallo: Yarinya, ke kin san abin da kike yi. Wannan mai gemun ado ne kawai, ki nemi wanda ya san waya ya zauna kusa da ke.

Na ajiye dutsen guga. "Goge shi."

"Ya riga ya tafi."

Muka zuba wa wayar ido, muna jiran jinkirin ya kawo mana abin da ya riga ya faru. Auta ta karanta. Na san fuskar nan, tawa ce ta gada. Ta miƙa hannu wajen kwamfutar, mijin ya tare.

"Bar shi," ya ce. "Yana raya mana shiri ne. Ƙila ma babba ne."

"Ko waye. Ba wanda zai shigo gidana ya ci mutuncin mijina ina kallo."

Ta ture hannunsa ta latsa. A wayar Malam wani ɗan rubutu ya fito cewa an toshe shi daga yin sharhi.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Mijina," ya maimaita a hankali. Na so in ce masa shi ya jawo, amma na ga yadda wuyansa ya saki, sai na ƙyale shi. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni sakewa.

Taron ya kusa ƙarewa, har ya kai hannu zai kashe talabijin. Sai shugaban kamfanin ya dawo dandamali da waya a hannu. Ya juya bayanta, ya sa farcen babban yatsa, ya ɓalle murfin. Ya zaro batir ya ɗaga sama.

Malam ya miƙe tsaye har kofi ya kife. "Auta!" ya ce, ya juya ga kujerar da ke gefensa. Filas ne a kai.

Ya tsaya a haka, hannu a sama. Sannan ya durƙusa gaban wayar. Su ba su gani ba tukuna, suna ta maganar farashi. Wannan karon ba wanda ya riga su faɗa. Muka ga lokacin da ya iso musu. Auta ta dafe baki da hannu biyu, ta tashi, ta zauna, idonta ya kawo ruwa.

"Jama'a, ku yi mini haƙuri," ta ce. "Shekara nawa babana yana jiran wannan. Kullum ina yi masa dariya, kullum shi ke wanke kofi. Baba, na san kana kallo. Rubuta mana wani abu, ko kalma ɗaya ce. Ku dakata da rubutu don Allah, ku bar babana ya yi magana."

Kuma suka dakata. Rubutun da ke gudu tun ɗazu ya tsaya, sai ɗaiɗaiku masu cewa Baba muna jira.

Malam ya rubuta: Bana ne. Ya latsa, bai tafi ba. Ya sake latsawa. Ya mayar da sunansa na gaskiya da sauri, ya sake gwadawa, shafin dai shi ne wanda aka toshe. Ya kira lambarta, ba ta shiga, don da wayarta suke ɗaukar shirin. Tawa wayar kuwa ko manhajar babu a ciki.

"Maman Auta," ya ce, bai ɗago ba. "Kina da lambar yaron nan?"

Wata nawa da bikin, bai taɓa ajiye lambar surukinsa ba. Na nemo na miƙa masa ba tare da na ce komai ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙari.

Bugu biyu aka ɗauka. Ina jin muryar yaron, ƙasa-ƙasa.

"Baba, barka da yamma. Na buɗe shafin naka yanzu. Ni na yi maka shi, na gane ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan tun ɗazu. Ita ba ta lura ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba. Ga ta."

Sai muryar Auta ta cika wa Malam kunne, tana dariya tana kuka, tana cewa yau ita ce da wanke kofi, ya ajiye mata su kada Mama ta taɓa.

Yana amsa mata da to, to, amma idonsa na kan allon, inda jinkiri bai kawo kiran ba tukuna. A can Auta tana nan tana jira, tana duban wurin rubutu. Murmushinta ya ragu kaɗan kaɗan. Ta ce, "Ƙila bai kalla ba bana. Ya ce yana da abin yi." Ta sunkuyar da kai tana gyara makirufon da ba abin da ya same shi. Malam ya kalli wannan duka, da muryarta mai daɗi a kunnensa, bai iya kawar da kai ba.

Sannan muka ga wayar yaron ta yi haske. Ya tashi ya juya wa kyamara baya, ya kare bakinsa da hannu. Ya dawo ya miƙa mata, ya ja kujerarsa ya fita daga hoton gaba ɗaya, ya bar ta ita kaɗai da babanta.

Da aka gama, Malam ya daɗe zaune da wayata a cinyarsa. Na tsane shayin da ya zube, na kai hannu zan kwashe kofunan.

"Bar su," ya ce. "Ta ce za ta zo."

"Ita kaɗai?"

Ya dubi kujeru biyun da ke gaban talabijin. Ya tashi da ƙyar, kamar wanda aka aika inda ba ya so, ya shiga ɗaki ya jawo ta uku. Ya ajiye ta can nesa kusa da ƙofa, ya tsaya yana harararta. Sannan ya sa ƙafa ya turo ta kusa.