Jan Alƙalami a Shafi Biyu

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, kuma duk wadda ta bi ta ajina ta san ba na son gajeriyar hanya. Idan na ce a zana alwatika a fitar da hotonta a ɗaya gefen layin madubi, to gidajen takarda za a ƙirga: uku daga layi ta nan, uku daga layi ta can. Haka aka koya mini, haka nake koyarwa.

Sai ga wata yarinya a aji uku, 'Yar Tela ake ce mata, wai ita mai dabara. Za ta danna fensir sosai ta zana alwatikar, ta ninke shafin daidai kan layin, ta murza bayansa da farce. Tana buɗewa sai ga hoton ya fito ras. Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum amsarta daidai take.

"A jarrabawa ma ninke musu takarda za ki yi?" na tambaye ta.

"Malama, ai ya fito."

"Ya fito a gidanku!"

Aji ya kwashe da dariya, har da ita.

Wata Litinin ina duba littattafansu a ofis na iso kan nata. Tambaya biyar, ninki biyar. Ga shi ranar ko makaranta ba ta zo ba. Na ɗauki tsohon alƙalamina mai jar tawada na rubuta da manyan baƙaƙe: "Malalaciya. Sifili. Ki same ni." Na rufe littafin da ƙarfi na jefa shi cikin durowa.

Washegari shugabar makaranta ta tara mu ta ce yarinyar ta rasu tun ranar Lahadi, zazzaɓin kwana biyu. Wato sa'ad da nake rubuta mata ta same ni, tana cikin ƙasa. Ban sake iya buɗe durowar nan ba.

Bayan mako biyu mahaifiyarta ta zo ofis, da guntun zare maƙale a hannun rigarta. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya.

"Malama, littafinta na zo roƙo. Rubutunta na ƙarshe ke nan."

Na buɗe durowar, na ɗauko littafin na miƙa mata. Ta buɗe, ta bi sawun ninkin da yatsa, sai ta yi murmushi.

"Kin ga irin tawa! Haka nake yanka wuyan riga, in ninke yadi biyu don gefe da gefe su zo ɗaya. Tun tana shekara shida take riƙe mini bakin yadi."

Ta juya zuwa shafin ƙarshe. Ashe tawadar ba ta bushe ba na rufe littafin. Rubutuna ya fito a ɗaya shafin ma, a juye, kowane baƙi daidai da ɗan'uwansa, a kan alwatikar yarinyar. Ninkin da na hana ta, ni ma na yi shi.

"Ni ban yi karatu ba, Malama. Me kika rubuta mata har sau biyu?"

Ni da ban taɓa ƙara wa ɗaliba rabin maki don tausayi ba, na dubi matar nan na yi mata ƙarya.

"Na ce aikinta ya yi kyau, Mama. Duk biyar ta ci."

Ta rungume littafin, hawaye na zuba. "Allah ya saka miki. Babanta ko abinci ya kasa ci. Bari in kai masa ya karanta da idonsa, ko zuciyarsa ta yi sanyi."

Na tashi da niyyar in ce ta bar mini shafin, amma sai kawai na buɗe mata ƙofa. Ta gyara littafin cikin jakarta a hankali don kada ya lanƙwashe, ta sake yi mini godiya a bakin ƙofa, ta tafi.