Yadda Zulfa Ta Rarrashi Direban Tumatir

Elisha ya koyar da Turanci a wata sakandare kafin ya sa kaki, aka turo shi iyakar Jibiya. Ranar wata Talata, tirela ta lalace ta gilma a hanya, motoci suka yi cirko-cirko. A cikinsu akwai ta Yusha'u, direba daga Maraɗi, shaƙare da kwandunan tumatir.

Da rana ta take, Yusha'u ya diro yana ihu, yana dukan ƙofar motarsa. Duk ma'aikacin da ya ce masa ya yi haƙuri, sai ya ƙara tunzura. Elisha ma ya gwada, ya sha zagi.

Sai Zulfa, abokiyar aikinsu, ta taso daga inuwa. Ta leƙa bayan motar, ta ga ruwan tumatir na ɗiga ƙasa.

"Malam, gaskiyarka ce," in ji ta. "Kayan nan ba sa jira. Ko ni ce, da na fi ka ihu."

Yusha'u ya tsaya da baki buɗe.

"To Hajiya, mi za ni yi?" ya tambaya a hankali.

Ta sa aka ba shi hanya ya kai motar gindin dalbejiya, ta aika garin Magama a kira bakanike ya duba tirelar.

Da suka koma benci, Elisha ya kasa yin shiru.

"Hajiya, Turawa na da wata kalma, soothe. Ita suke faɗa in uwa na rarrashin jariri, ko in zuma ta sanyaya maƙogwaro. Amma tushenta tsohuwar kalma ce, sooth, wato gaskiya. A da can, ma'anarta ka gaskata mutum, ka ce masa haka ne. Na sha koya wa yara ita a allo, yau na ga an yi ta."

Zulfa ta yi dariya tana gyara hularta. "Malam Elisha, ai direban da gaskiyarsa. Ka ga tumatirin kuwa?"

Bayan la'asar aka janye tirelar. Kwandunan ƙasa sun riga sun ruɓe, amma na sama sun tsira. Yusha'u ya rage gudu a gabansu, ya ɗaga wa Zulfa hannu biyu, sannan ya miƙe hanyar Katsina.