Kukan Kwamfutar Arvo

Shekara ashirin Marlene Tuominen tana jin haushin kwamfutocin da mijinta Arvo ya jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu a garin Duluth. Aikinsu ɗaya: farautar wata ƙatuwar lamba wadda ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Wai irin lambar da in an buga ta a takarda sai ta cika littattafai da dama. Aikin banza dai, in ji Marlene.

Bayan rasuwar Arvo ta kasa kashe su, ta kuma kasa kallonsu. Da hunturu ya kawo jiki ta kira Lowell, abokinsa na ƙungiyar masu farautar lambobin, ya zo ya kwashe.

"Ka ɗebe tarkacen abokinka, Lowell, in samu wurin shanya," ta ce tana miƙa masa kofi. "Waccan ta kusurwa ma ta lalace. Mako guda da binne shi ta kama tsuwa kamar an taka ɓera. Na leƙa na ga wani jan rubutu, na cire mata lasifika, na lulluɓe ta da tawul."

Lowell ya ɗaga tawul ɗin. Kofin hannunsa ya karkace, abin shan ya zube a kan takalminsa bai ko kula ba.

"Marlene, wannan ba lalacewa ba ce. Kukan da take yi ke nan in ta samu. Lambar nan ba ta rabuwa."

Ta zauna a kan matakala. Sautin da mijinta, bawan Allah, ya yi shekara ashirin yana kasa kunne ya ji, ashe shi ne ta toshe wa baki, har da zagi. Kunya da tsoro suka rufe ta.

Da ta dawo hayyacinta ta ce, "To sai ku rubuta sunan Arvo a kan lambar."

"Za a sake gwadawa da wata na'urar tukuna. Amma a ƙa'idarmu, na'ura ba ta gano komai. Wanda idonsa ya fara gani, shi ne mai lambar. Ke kuwa kika fara ganin jan rubutun nan."

"Ni ko lissafin haraji ba na yi, kai ma ka sani. Ku canza ƙa'idar mana."

Lowell ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa.

"Da mun canza tuntuni. Mijinki ne ya kafe a kanta, ya yi faɗa da kowa. Cewa yake lambar da ba a gani ba, ba ta kowa ba ce." Ya zaro wayarsa. "Marlene kawai zan sa, ko har da sunan mahaifinki?"